Talabijin na dala 900, diyya dala 21: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yau sati uku ke nan da muka tashi daga jihar Tekzas muka koma Ohayo, wani kamfanin kwasar kaya ne ya kawo mana kayanmu. Da muka buɗe sai muka tarar gilashin talabijin ya tsage, ƙafar teburin cin abinci ta karye, injin wanki ya ƙi tashi, kwali guda kuma ko sama ko ƙasa. Tun a ranar na nuna wa direba, ya rubuta a takardarsa. Jiya suka bugo waya wai dala 21 za su ba ni a kan talabijin ɗin da na saya dala 900, alhali kafin mu taso sun ce mini kayan na da inshora. Wannan ba cuta ba ce? Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya mayar da alheri, ya sa kun koma a sa'a.

Na daɗe ina aiki a sashen biyan diyya na wani kamfanin kwasar kaya a nan Amurka, don haka da na ga dala 21 ɗin nan ban sha mamaki ba, har ma na san nauyin talabijin ɗinki ba tare da na gan shi ba. Laba 35 ne. Ki ninka 35 sau senti 60, zai ba ki dala 21 cif. Wanda ya kira ki bai duba rasit ɗinki ba, bai damu da ko sabo ne ko tsoho ba. Nauyi kawai ya duba.

Bari mu fara da kalmar da ta jawo wannan baƙin ciki, wato inshora. Abin da kamfanin kwasar kaya yake ba ki a cikin yarjejeniya ba inshora ba ne, ko da mai tallansu ya kira shi haka a waya. Iyaka ce da aka shata wa alhakin da zai hau kansu idan kaya ya lalace a hannunsu. Inshora kamfanin inshora ne ke sayar da ita, da takardarta daban, kuma dokar jiha ke kula da ita. Wannan kuwa yana ƙarƙashin dokar tarayya ne, tunda kayanki ya tsallaka daga wata jiha zuwa wata. Dokar ta tilasta wa kowane kamfanin da ke irin wannan jigila ya ajiye wa mai kaya zaɓi biyu.

Na farko shi ne tsarin senti 60. Kyauta ne, ba a ƙara miki ko sisi a kan kuɗin mota, shi ya sa mutane ke rububinsa. A nan kin yarda cewa duk abin da ya fashe ko ya ɓace, senti 60 za a biya a kan kowace laba ta nauyin wannan abin. Laba kuwa ba ta kai rabin kilo ba, kimanin giram 454 ce. To ki duba yadda lissafinki zai kasance: talabijin dala 21, tebur in ya kai laba 120 dala 72, injin wanki in laba 200 ne dala 120, kwalin da ya ɓata in laba 40 ne dala 24, ko mene ne a cikinsa. Jimla dala 237, shi ma in sun amince da duka. Abin haushin wannan tsari shi ne tsohuwar kujerar da ba ta da daraja amma tana da nauyi ta fi kwamfutarki kawo diyya. Araha dai ba ta ado.

Na biyu shi ne tsarin cikakkiyar ƙima, wanda ake biyan kuɗi a kansa. A nan idan abu ya lalace ko ya ɓace, kamfani zai yi ɗaya cikin uku: ya gyara shi ya koma yadda yake a ranar da aka ɗauka, ko ya musanya miki da irinsa, ko ya ba ki kuɗin gyaran ko kuɗin sayen irinsa a kasuwar yau. Ki lura, kamfani ne ke zaɓar wanda zai yi cikin ukun, ba ke ba. Da yawa daga cikin masu kaya nan suke yin fushi, suna son sabon tebur, a turo musu kafinta. Ƙimar da ake ɗaure kayan gaba ɗaya a kanta ba ta yin ƙasa da dala 6 a kowace laba, wato in duk kayan gidanku laba 7,000 ne, alhakin kamfani ya kai dala 42,000. Wasu kan zaɓi a rage musu kuɗin tsarin da sharaɗin za a zaftare dala 250 ko 500 daga duk diyyar da ta taso.

Yanzu ga inda maganarki take da ƙofa. Ki ajiye waya, ki ɗauko takardar lodi, wato babbar yarjejeniyar da kika sa wa hannu ranar da aka ɗauki kaya, wadda Turawa ke kira bil-of-ledin. Ki nemi sashen da ya yi maganar ƙimar kaya. A doka, tsarin cikakkiyar ƙima shi ne asali. Kamfani ba ya sauka zuwa senti 60 sai idan mai kaya ya sa hannu a rubuce cewa ya yafe cikakkiyar ƙimar, a wurin da aka keɓe don haka. Idan kika duba kika tarar wurin fayau, babu sa hannunki babu na maigidanki, to dala 21 ɗin nan ba ta da gindin zama, kuma ki gaya musu haka a rubuce. Za su iya cewa sai kin biya kuɗin tsarin da ba ki biya ba tun farko, wannan ba komai, ribar tana wajenki. Na ga fayil ba ɗaya ba ba biyu ba da 'yan lodi suka yi gaggawa suka manta da wannan wuri, kamfani ya biya yana ƙunƙuni.

Idan kuwa sa hannunki na nan daram, to sai haƙuri, ba zan ɓoye miki ba. Na san yadda ake yi. Mota ta toshe hanya, yara na kuka, an miƙo miki takardu ana nuna miki da yatsa, nan, da nan, da nan. Amma kotu sa hannun take gani, ba hayaniyar ranar ba. Abin da zai iya taimakonki shi ne in kina da wata shaida a rubuce, imel ko saƙon waya ko takardar kiyasin farashi, inda suka ce kayanki na da cikakkiyar kariya, ko kuma in an caje ki kuɗin inshora daban. Kamfanin da ya sayar miki da inshora ta gaskiya wajibi ne ya ba ki takardarta, in bai ba ki ba alhakin asarar gaba ɗaya na iya komawa kansa. Maganar baka kuwa, wadda aka yi a waya wata biyu da suka wuce, da wuya ta tsinana miki wani abu.

Wannan ke nan game da nawa za a biya. Saura abin da ya fi damuna a cikin tambayarki, wanda ke ba ki ma ɗauke shi matsala ba.

Kin ce kin nuna wa direba ya rubuta. Madalla, wannan shaida ce mai kyau. Amma a idon doka har yanzu ba ki nemi diyya ba. Rubutun da aka yi a takardar karɓar kaya ba neman diyya ba ne, kiran waya ba neman diyya ba ne, ko rahoton wanda suka turo ya duba ɓarna ba neman diyya ba ne. Ƙa'idar tarayya ta fayyace abu uku da sai sun haɗu a takarda guda: bayanin da zai sa a gane wane kaya ake nufi, da furucin cewa kin ɗora wa kamfani alhakin ɓarnar, da adadin kuɗin da kike nema, takamaimai. Na ukun nan shi ke kayar da mutane. Sai mutum ya zauna ya rubuta shafi uku na ɓacin rai, ya ƙare da cewa a biya shi abin da ya dace, ko ya ce asararsa ta kai wajen dala kaza ko fiye. Irin wannan wasiƙa an sha watsar da ita a kotu don babu tsayayyen adadi. Ki rubuta lambar takardar lodi, da ranar ɗauka da ranar saukewa, sannan kowane abu da lambar sitikar da aka manna masa ranar lodi, da irin ɓarnar da ta same shi, da kuɗin da kike nema a kansa, sannan jimla a ƙasa. Ko da kina zaton a tsarin senti 60 kike, ki rubuta ainihin asararki, su su kawo hujjar rage ta.

Kina da wata tara daga ranar da aka sauke kaya. Wasu kamfanoni kan rubuta a shafinsu na intanet cewa sai an cika fom ɗinsu cikin kwana kaza. Ki cika fom ɗin, zai sauƙaƙa miki, amma ki sani doka ta hana su rage wa'adin ƙasa da wata tara. Duk da haka kada ki miƙe ƙafa. Dalili na farko shi ne duk ranar da ta wuce tana ba su damar cewa a gidanki abin ya lalace. Dalili na biyu mutane kaɗan ne suka san shi: idan maganar ta kai kotu kika yi nasara, akwai yanayin da za a sa kamfani ya biya kuɗin lauyanki, amma sharaɗin farko shi ne kin miƙa takardar neman diyya cikin kwana 120 da saukar kaya. Ke sati uku kawai kika ci, don haka a wannan makon ki gama da shi. Ki aika ta wasiƙar rajista wadda ake sa hannu a dawo miki da shaidar karɓa, ki kuma tura kwafi ta imel.

Da takardarki ta isa, agogo ya koma kansu. Suna da kwana 30 su sanar da ke a rubuce cewa sun karɓa. Suna da kwana 120 su biya, ko su ƙi, ko su yi miki tayi tsayayye. In sun kasa gamawa, wajibi ne su riƙa rubuto miki halin da ake ciki duk bayan kwana 60.

Wani abu kuma, ki tabbatar wa kike aika wa takardar. Da yawan mutane da dillali suka yi ciniki a intanet ba su sani ba. Dillali ba shi da mota ko ɗaya, sayar da aikin yake yi ga wani kamfani, kuma alhakin ɓarna yana kan wanda ya ɗauki kayan ne. Sunan da ke saman takardar lodi, tare da lambarsa ta USDOT, wato lambar rajistar da ma'aikatar sufuri ta tarayya ta ba shi, shi ne abokin maganarki. Kuma kada ki yi mamaki in wani kamfani na uku ya tuntuɓe ki, ƙananan kamfanoni kan ba da kwangilar duba fayilolin diyya ga wasu.

To bari mu bi kayanki ɗaya bayan ɗaya, don kowanne da irin gardamar da za a yi miki a kansa.

Teburin shi ne mai sauƙi, amma ki ɗauko jerin kayan da direba ya rubuta ranar lodi. Gefen kowane abu za ki ga wasu haruffa da lambobi a cunkushe kamar rubutun likita. Ba ado ba ne, bayanin halin da suka ce sun sami kayan a ciki ne: wannan harafi na nufin ƙarzuwa, wancan ɓantarewa, wancan sassautawa, lambobin kuma na nuna wurin, ko sama ko ƙafa ko kusurwa. Fassararsu tana saman takardar ko bayanta. Na taɓa riƙe fayil ɗin wani bawan Allah da ya sayi teburi sabo fil sati biyu kafin tashinsa, amma a jerin kaya an jera masa alamomi har shida, wai a ƙarje yake, a ɓantare, ƙafa na rawa. Ya sa hannu bai karanta ba. Abin da ya cece shi hoton da matarsa ta ɗauka ne da safen ranar, 'yarsu na zaune a kan teburin tana shan shayi, ga kwalaye a bayanta, ga kwanan wata a jikin hoton. Ki shiga wayarki ki tono duk wani hoto ko bidiyo da kayan nan suka fito a ciki kafin tashi, ko da ba don su aka ɗauka ba. Idan kuma teburin irin na garin katako ne da aka matse da gam, wanda ake saye a kwali a harhaɗa a gida, ki shirya jin cewa irinsa ba a yi shi don a ɗaga a haɗe ba. Kamfanoni da yawa sun rubuta haka a kundin sharuɗɗansu.

Talabijin kuwa tambaya ɗaya ce: wa ya sa shi a kwali? In a jerin kaya an rubuta CP, su suka ɗaure, alhaki nasu ne ba gardama. In an rubuta PBO, wato mai kaya ne ya ɗaure da kansa, to za su ce ɗaurinki ne bai yi kyau ba, sai dai in jikin kwalin ya nuna an yi masa rauni daga waje. Shi ya sa nake roƙon mutane kada su zubar da kwali. Na tuna wata mata da kwanukan tangaran ɗinta suka farfashe a kwalin da ita ta ɗaure. Da farko mun ƙi biya. Sai ta turo hoton kwalin: kusurwa ɗaya ta lotse ciki kamar an zauna a kai, ga kuma sawun takalmi ɓaro-ɓaro a saman, daidai kan inda ta rubuta cewa abin fashewa ne. Ba wanda ya sake cewa uffan, aka biya ta. Maƙwabcin fayil ɗinta kuwa, irin ɓarnar ɗaya, amma ya riga ya kai kwalayensa bola, bai sami ko senti ba.

Injin wanki shi ne mai wuya. Kusan kullum ana rubuta MCU a gefen kayan lantarki, ma'ana ba su san ko yana aiki ba a lokacin da suka ɗauka. In babu lotsawa ko tsagewa a jikinsa, amsar da za ki samu ita ce babu shaidar cewa a hanya ya mutu. Ki kira mai gyara ya duba, ya rubuta miki abin da ya gani da abin da yake ganin ya jawo shi, amma kada ya gyara tukuna. In irin mai ƙofa a gaba ne, ki tambaye shi ko an ɗaure gangar ciki da notikan da ake ɗaure ta da su kafin tafiya. Gangar nan a rataye take, in ba a ɗaure ta ba haka za ta yi ta dukan jikin injin tun daga Tekzas har Ohayo. In su suka karɓi aikin shirya injin suka ƙi ɗaurewa, kin sami hujja. In ke aka bar wa, sun samu.

Sai kwalin da ya ɓata. Kowane kaya an manna masa sitika mai lamba, kuma ranar saukewa ya kamata a riƙa kiran lamba kina sokewa. In an rubuta a takardar ranar cewa lamba kaza ba ta iso ba, magana ta ƙare, saura su neme shi ko su biya. Sau da yawa ma yana fitowa, domin mota ɗaya kan ɗauki kayan gida uku ko huɗu, ƙila kwalinki na can a garejin wani a wata jiha. Ki matsa musu su bi sawu tun yanzu da abin yake da ɗumi. In kuwa kin sa hannu cewa komai ya iso, aikin ya ƙara nauyi, amma bai mutu ba. Ki rubuta abin da ke cikin kwalin dalla-dalla, da rasit in akwai, ko bayanan katin banki da suka nuna sayen.

A nan akwai tarkon da ke kama har waɗanda suka biya kuɗin cikakkiyar ƙima. Duk abin da darajarsa ta wuce dala 100 a kowace laba, kamar gwal, agogo mai tsada, ƙaramar kwamfuta, ko darduma ta alfarma, sai an rubuta shi a wata takarda ta musamman kafin a ɗauka. In ba a rubuta ba, kamfani na da ikon tsayawa a dala 100 kowace laba. Kwamfutar dala 1,200 mai laba 4 sai ta koma dala 400. Sarƙar gwal kuwa, da ba ta kai ko rubu'in laba ba, ki yi lissafin da kanki. Ina fatan dai ba irin waɗannan ne a kwalin ba. Kuɗi da takardun shaida da kayan ado a jaka ake riƙe su, a hannu.

Kafin a zo duba kaya, kada ki gyara komai, kada ki zubar da komai, har fasasshen gilashin. Suna da haƙƙin su turo a gani da ido. Kuma in sun biya ki cikakken kuɗin abu, suna iya cewa a ba su gawar, tasu ce.

Akwai wata dabara da ke zuwa wa kowa a rai, wato riƙe ragowar kuɗin mota, ko kiran banki a janye abin da aka biya da kati. Ban ba ki shawarar haka ba. Kuɗin jigila daban, diyya daban, kuma galibin kamfanoni ba sa taɓa fayil ɗin wanda suke bi bashi. Abin da doka ta ba ki shi ne, in wani ɓangare na kaya ya ɓace ko ya hallaka, a mayar miki da kason kuɗin jigilar da ya yi daidai da wannan ɓangaren lokacin da ake sallamar diyya. Ba shi da yawa, amma naki ne, ki saka shi a takardar. In kuma 'yan lodi sun ƙarje bango ko sun fasa dabe a gidan, wannan ba ya cikin lissafin kaya, ki kai ƙorafinsa daban kuma da wuri.

Idan tayi ya zo a rubuce, ki karanta bayan cakin da takardar da ta rako shi kafin ki kai banki. In an rubuta cewa karɓarsa na nufin an sallami magana gaba ɗaya, to kina sakawa kin rufe wa kanki ƙofa. Tayin farko ba shi ne na ƙarshe ba. Mu da ke ciki mun san ana barin wurin ƙari, kuma wanda ya dawo da hujja cikin natsuwa, hoto da rasit da kiyasin mai gyara, shi ake ƙara wa. Mai zagi a waya sai dai a bar fayil ɗinsa a ƙasan tari.

In an kasa daidaitawa, hanya biyu ce. Ta farko mai raba gardama. Doka ta wajabta wa kowane kamfanin da ke jigila tsakanin jihohi ya kasance yana da tsarin da wani mai zaman kansa zai saurari ɓangarorin biyu ya yanke hukunci. In abin da kike nema dala 10,000 ne ko ƙasa, kika ce kina so, ba su da ikon ƙi, kuma hukuncin ya hau kan kowa. In ya haura haka sai sun yarda. Ba za a caje ki fiye da rabin kuɗin shigar da ƙarar ba, hukunci kuma na fitowa cikin kwana 60, yawanci ma ta takardu ake yi ba sai kin je ko'ina ba. Amma ki sani shi ma mai raba gardamar da takardar lodi yake aiki. In senti 60 kika sa wa hannu, ba zai ƙirƙiro miki dala 900 ba, kuma kuɗin shigar da ƙarar na iya fin abin da ake rigima a kai.

Ta biyu kotu. Kina da aƙalla shekara biyu daga ranar da suka ƙi biyan ki a rubuce. Dokar da ke mulkin wannan fage tsohuwa ce, gyaran da Sanata Edward Carmack na jihar Tenesi ya kawo a 1906 don jiragen ƙasa, aka faɗaɗa shi zuwa manyan motoci a 1935. Tana da daɗi ta wani gefen. Kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1964, abu uku kawai mai kaya zai nuna: ya ba da kaya lafiya, sun iso a lalace, ga adadin asara. Ba sai kin nuna wanda ya yi sakaci ba. Daga nan kamfani ne zai wanke kansa, ya nuna bai yi sakaci ba kuma ɓarnar ta fito ne daga wani abu kamar annobar da ba ta hannun ɗan'adam, ko umarnin hukuma, ko laifin mai kaya, ko aibin da ke jikin kayan tun asali. Ta ɗaya gefen kuma tana da ɗaci, domin ta toshe kusan duk wata ƙara ta dokar jiha. Ba diyyar ɓacin rai, ba tarar ladabtarwa, asarar kaya kawai, ita ma iya iyakar da aka sa wa hannu. Hoton kakarki da ya yage, a wurin wannan doka, takarda ce da firam.

Za ki ji ana cewa ki kai ƙara hukumar FMCSA, wadda ke kula da manyan motoci a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ta tarayya. Ki kai, musamman in sun wuce kwana 30 ko 120 ɗin nan shiru, domin ƙorafin yana shiga tarihin kamfani kuma ba sa son haka. Sai dai hukumar ba ta da ikon tilasta musu su biya ki, kada ki zauna jiran caki daga can.

In ta tabbata senti 60 ne, akwai wuri ɗaya da ya rage ki leƙa, wato inshorar gidanku, ko ta masu haya ce ko ta masu gida. Wasu suna ɗaukar asarar kaya a hanya, musamman sata ko gobara ko haɗarin mota, amma fashewa a hannun 'yan lodi sau da yawa ba ta ciki. Ki kira su ki tambaya, kuma ki tambayi nawa za su zaftare kafin su biya, don kada ki buɗe fayil a kan abin da bai kai ba. Kwalin da ya ɓata ya fi talabijin damar shiga nan.

Duk wannan bayani na wanda ya tsallaka jiha ne kamar ku. Wanda ya tashi daga unguwa zuwa unguwa a cikin jiha ɗaya, dokar jiharsa ce ke aiki, wa'adin da adadin duk suna iya bambanta. Haka kuma wanda kayansa suka zauna a sito kafin a kawo, ya kula da ranar da ajiyar wucin gadi ta koma ta dindindin, don daga ranar alhaki ya tashi daga kan mai mota ya koma kan mai sito, kuma daga ranar wata taran ke fara ƙirguwa.

Yau da dare ki ɗauko takardar lodin ki duba wurin sa hannun nan. In fayau yake, ki ɗauki hotonsa kafin ki gaya wa kowa, ki haɗa da takardar neman diyyarki. In kuma da sa hannu, ki duba ko naki ne ko na maigida, da kwanan watan da ke gefensa, sannan ki rubuto mini abin da aka rubuta a gefen talabijin a jerin kaya, CP ne ko PBO.